Karar da Ta Cinye Mini Aiki a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har gona wani ya bi ni ina roron wake don ya ji yadda ƙasar Nijar take. Wasunku da gaske labarin kuke so. Wasunku kuwa na san ku sarai, so kuke ku ga yadda fuskata take komawa idan an ambaci Sabi'u. To zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, mai dariya ya yi ya gama, a ƙyale ni in ji da abin da ke damuna.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Malam Hamisu, mai koyar da Turanci a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, nan gabas da Minjibir. Na daɗe a aikin har wasu ɗalibaina sun fara kawo mini 'ya'yansu. Kun dai san yadda shekarun nan suka yi da mu. Albashi ba ya ganin tsakiyar wata, taki ya gagari talaka, gonar gadonmu kuwa an raba an sake rabawa har abin da ya zo hannuna bai fi a shanya barkono ba. Geron da nake samu ba ya kai mu bazara. Matata Hauwa ta koma tuƙa tuwo sau ɗaya a yini, yarana huɗu suka koyi leƙa tukunya kafin su yi sallama. Abin da ya fitar da ni ke nan, ba yawon buɗe ido na je ba.

Sabi'u kuma ɗan maƙwabcina ne. Ni na koya masa Turanci tun yana zuwa aji da majina a hanci, da ya gama kwalejin horon malamai kuma ni na yi ta zirga-zirga da takardunsa har aka ɗauke shi a makarantarmu. Yana da kawu, Alhaji Mamman, mai sayar da atamfa a Damagaram. Alhajin ya zo suna garinmu, muna zaune a inuwar ɗorawa, ya ce mini wata makarantar kuɗi a can tana neman malamin Turanci daga Najeriya, za su biya da sefa, su kuma nema masa takardar izinin zama da aiki. A lokacin nan sefa ta haye kan naira ta yi zamanta. Ni ya gaya wa. Ku riƙe wannan da kyau, Sabi'u yana can yana raba goro.

Na shiga Minjibir na ɗauki hotuna, na karɓo takardar lafiya daga asibiti, na tattara shaidar karatuna, Hauwa ta yi mini dambun nama da 'yar kazar da ta rage mana. Sai na ce wa Sabi'u ya raka ni, tun da gidan kawunsa za a sauka, kuma tafiya da ɗan'uwa ta fi daɗi. Da bakina na roƙe shi, har da cewa ya yi wa Allah.

A tashar Kano muka sami motar Daura. Direban ya dubi furfurata ya buɗe mini gidan gaba. Ni kuma, yadda aka tarbiyyantar da mu, na ce, "Sabi'u, shiga mana." Kowa ya san abin da ake yi a nan: yaro ya ce a'a Malam, wane ni, babba ya sake tayi, yaro ya sake ƙi, sannan babba ya shiga da mutuncinsa. Sabi'u ya ce, "To, Malam," ya shige ya ja ƙofa. Ni na ƙare a baya, tsakanin tulin bokitan roba da buhun barkonon wata mata, ina atishawa tun daga Kazaure har Daura. Matar tana ta ce mini sannu, barkonon bana ne, shi ya sa. Ina hango ƙeyar Sabi'u yana hira da direba, iska tana kaɗa masa riga.

Daga Daura muka canza mota zuwa Kwangwalam, bakin iyaka. Ta ɓangarenmu kun san yadda ake yi, shinge bayan shinge, kowa da hannunsa a miƙe. Ta ɓangarensu kuwa jandarma ba ya wasa. Suka sauke mu duka, muka yi layi a rana kamar 'yan firamare, kowa ya zazzage jakarsa a kan tebur. Wani ma'aikacin kwastan, su duwan suke ce musu, ya buɗe dambuna ya ce zai ɗanɗana ya tabbatar nama ne. Bai gama tabbatarwa ba sai da ya kusa raba shi biyu.

A teburin nan ne na ga abin da ya fara tsaya mini a rai. Da Sabi'u ya zazzage tasa jakar, sai ga wata baƙar leda ta faɗo, takardun karatunsa duka a ciki, an jera su tsaf.

Na ce, "Sabi'u, ɗan rakiya me zai yi da satifiket?"

Ya ce, "Wallahi Malam, Inna ce ta ce in riƙe, ko za a tambayi sana'ata a hanya."

Na ci gaba da tattara kayana. Jandarman da ya ji mu malaman Turanci ne sai ya saki fuska, ya ce a koya masa yadda zai gai da matarsa da Turanci. Ina gyara murya Sabi'u ya riga ni. Suka yi ta ƙyaƙyata dariya, har ya dafa masa kafaɗa ya ce ya wuce. Ni sai da ya juya katin shaidata gaba da baya, ya dube ni ya dubi hoton, ya ce na rame.

Mun shiga Damagaram da la'asar. Gari ne mai duwatsu, Hausarsu ba ta da nisa da tamu, sai dai suna cusa Faransanci yadda yaranmu suke cusa Turanci. Makaranta lakwal ce, malami kuma mushe. Duk wanda aka ce masa ni malami ne sai ya ce sannu Mushe, ni kuwa in ce Allah ya kiyaye a zuciyata. Alhaji Mamman ya sauke mu a shagon ƙofar gidansa. Ba zan ci amanarsa ba, ya karrama mu. Aka kawo dambu da zogale, da wani burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa yana yankar dadashi. Bayan nan aka ɗora shayi a ɗan buta, ana zuba shi a kofin da bai fi babban yatsa ba, baƙi ƙirin, ga ɗaci ga sukari. Na kurɓe nawa gaba ɗaya kamar magani, ashe ana ja ne a hankali ana hira, suka yi ta yi mini dariya. Sabi'u kuwa kamar a can aka yanke masa cibiya. Matar kawunsa tana ta aiko masa da ƙari daga cikin gida, a ce na ɗanta ne. Ni baƙo ne, a ba ni da girmamawa. Shi ɗan gida ne, a ba shi da yawa.

Da safe Alhaji ya kai mu makarantar ya wuce kasuwa. Jama'a, ajin farko da na leƙa sai da na tsaya ina kallo. Kowane yaro da kujerarsa da teburinsa, fanka tana juyawa, allo lafiyayye ba rami ko ɗaya. Na tuna nawa ajin, inda rabin yara suke zaune a ƙasa, na bayan kuma sai dai su ji muryata. Na ce a raina, Hamisu, a nan za ka ƙarasa aikinka kamar mutum.

Mai makarantar mace ce, Madam Rakiya, doguwa, da tabarau, ba ta da yawan gaisuwa. Na ce mata Hajiya, ta ce Madam ya isa. Mu da za mu tambayi gida da yara da gajiya da sanyi, ita lafiya lau ɗaya ta yi ta miƙo hannu a ba ta takardu. Ta duba nawa ta gyaɗa kai. Ta yi mini bayani cewa mutum ɗaya za ta nema wa izinin aiki, domin ofishin ba ya ba da shi da sauƙi, sai makaranta ta tsaya wa mutum da kanta. Sannan ta ɗaga ido ta ga Sabi'u a bakin ƙofa riƙe da jakata.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ɗalibina ne, rakiya ya yi mini."

"Me yake yi?"

Da na ce manomi ne da ban yi ƙarya ba, yana noma. Amma bakina ya ce, "Shi ma Turancin yake koyarwa."

Ta ce, "To ai shi ke nan, ku gwada ku biyu in gani."

Ni na fara shiga. Na yi darasina yadda ya kamata a yi a gaban manya, a tsanake, rubutu a miƙe, ba wasa. Yaran suka yi tsit suna kwafa. Madam tana baya tana gyaɗa kai, na san ta gamsu. Sai Sabi'u ya shiga, ni ina tsaye a taga. Kun san me ya yi? Waƙar ranakun mako da na ƙirƙira da kaina tun kafin ya yi wayo, wadda ake tafi ana buga ƙafa, ita ya ɗauko. Har ɗan tsallen da nake yi a ƙarshe bai bari ba. Ajin ya kaure, yara suna ihu suna a sake. Ni na bar ta ne don na ga bai dace dattijo ya yi tsalle a gaban mace baƙuwa ba. Ina tsaye ina kallon kayana a jikin wani, kuma sun yi masa kyau. Wallahi na ji kishi har cikin haƙorana.

Duk da haka aikin yana hannuna. Da muka koma ofis Madam ta ce kowa da irin nasa, ɗaya ya fi tsari, ɗaya ya fi jan yara, ta rasa na zaɓa. Ta juyo gare ni.

"Malam, kai ne babba, kai ka san shi. Gaya mini gaskiya, tsakaninku wa ya fi?"

To ku gaya mini, ku da kuke dariya, wane ɗan ƙasar Kano ne za a yi wa wannan tambaya ya buɗe baki ya ce ni ne? A gaban yaronsa? Na yi murmushi na ce, "Ai Madam, Sabi'u ya fi ni. Mu mun tsufa, yaran yanzu sai dai a bi su a baya."

Na faɗa na jingina, ina jiran nasa. Abin da ya rage shi ne ya zabura ya ce subhanallahi, wannan malamina ne, duk abin da kika gani nasa ne, waƙar ma tasa ce. Ita kuma ta ga ga gwani ga tawali'u, ta ba ni. Haka ake yi, haka muka taso muka ga ana yi, ko limanci ake ba mutum sai ya tura wa na kusa da shi.

Sabi'u ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Na yi gyaran murya. Bai ɗago ba. Fanka tana ta juyawa.

Madam ta ce, "Na gode da gaskiyarka, ba kowa ne zai iya ba." Ta turo mini takarduna, ta miƙa wa Sabi'u hannu. Baƙar ledar nan ta fito. Ta ce sai hotuna, ya laluba aljihu, sai ga hotuna, wai ragowar na wani kati ne. Inna ce dai ta ce ya riƙe su, ina jin.

Ba ta ɓata lokaci ba, ta haɗa mu da takardar makaranta ta ce mu wuce ofishin da ake neman izinin, kuma lallai in bi shi, domin ana son wanda ya san aikinsa a gida ya yi masa shaida. Muka hau babur muka isa rana tsaka, muka tarar sun rufe. Can haka suke, da rana ta take kowa ya tafi gida ya ci ya kwanta, ko gwamna ne kai sai ka jira la'asar. Muka zauna a gindin wata bishiyar maina, ni da shi. Da na ga zuciyata za ta fashe sai na yi magana.

"Sabi'u, bakinka ciwo yake yi ɗazu?"

Ya ce, "Malam, ya zan yi in ƙaryata ka a gaban baƙuwa? Kai ka koya mana idan babba ya yi magana yaro ya yi shiru."

Kun ji fa. Da tarbiyyar da na ba shi ya yanka ni. Na dube shi ina neman alamar wayo a fuskarsa, ban gani ba, idonsa har ya kawo ruwa. Shi ma matarsa tana da tsohon ciki, shi yake riƙe da Innarsa, duk na sani. Sanin bai rage mini komai ba.

Sai ya ce, "Malam, takardar ba ta shiga ba tukuna. In ka ce in fasa, wallahi yanzu zan koma in gaya wa Madam na fasa, a sa sunanka."

Ga ƙofa ta sake buɗewa. Kalma ɗaya ce tsakanina da sefa, in ce fasa. Na ga fuskar Hauwa, na ga tukunyar nan. Amma ta yaya zan ce wa yaron da na raina ya cire lomar daga bakinsa ya ba ni, a tayin farko? Na ce bari in ƙi sau ɗaya, ya nace, in sake ƙi, ya rantse, sannan in karɓa ba kunya.

Na ce, "Haba Sabi'u, Allah ya kiyaye. Rabonka ne."

Ya share ido da hannun riga ya ce, "To, Malam. Allah ya saka da alheri."

Bai sake tayawa ba. Na zauna ina jira har aka kira la'asar.

Da aka buɗe, wani ma'aikaci mai gashin baki ya karɓi takardun, ya manna hoton Sabi'u, ya sa shi dangwala yatsu. Ya tambaye ni ko na san shi, na ce tun yana tsumma. Ya ce ya iya aikin? Na ce ya iya. Ya ce in sa hannu. Da biron da na saya musamman don cike tawa takardar na sa hannu a tasa. Aka buga hatimi, aka ce ya fara aiki kafin takardar izinin ta ainihi ta fito.

Alhaji Mamman da ya ji yadda aka yi sai ya riƙe baki. Ya ce, "Kash, Malam, ai da na gaya maka. Matar nan a hannun Turawa ta yi karatu, abin da ka faɗa shi take ɗauka, ba ta san kara ba." Na ce ita ba ta sani ba, ɗan ƙanwarka fa? Ya ce a sake ɗora shayi.

Washegari na kamo hanya ni kaɗai. A iyaka jandarman nan ya gane ni, tambayarsa ta farko ita ce ina abokinsa mai Turanci. Ban tsaya ko'ina ba sai gida. Hauwa ta taro ni da murna, ta ga jaka ta ga fuska, murnar ta koma ciki. Na zayyana mata komai ban rage ba. Ta ce, "Malam, kara ka yi? Da cikin 'ya'yanka ka yi kara?" Na ɗauki buta na fita. A makaranta shugabanmu ya yi mini barka da dawowa, ya haɗa mini azuzuwan Sabi'u a kan nawa, tun da ba a turo wani ba.

Masu cewa in yi haƙuri, ina yi. Masu cewa hassada ba kyau, na sani, na fi ku sanin wa'azin. Ba na yi wa yaron nan fatan sharri, Allah shi ne shaida. Amma idan na tuna shi a ƙarƙashin fankar nan yana tsalle da waƙata, abinci ba ya yi mini daɗi, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ya wuce ba. Har yanzu ban san ko wayo ya yi mini ko ladabi ba. Wata rana in tashi da tabbacin wayo ne, kafin azahar in ce a'a, yaron kirki ne, ni na yi wauta.

Ranar Juma'ar da ta wuce, kun gani da idonku, motar haya ta tsaya a ƙofar gidana aka sauke buhun shinkafa da katan ɗin taliya. Direban ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji, wai saƙo ne daga Malam Sabi'u na Damagaram, albashinsa na farko, ya ce a kai wa malaminsa kafin a kai wa Innarsa. Na so in ce a mayar. Na buɗe baki, sai na ga yaran sun riga sun kewaye buhun suna shafa shi, na rufe bakina.

Hauwa ta dafa da rana tsaka, abin da muka daɗe ba mu yi ba. Muka zauna a tsakar gida, tana zuba wa kowa tana cewa Allah ya yi wa Sabi'u albarka, Allah ya ƙara masa buɗi, Allah ya ɗaukaka shi, yara suna amsawa da baki cike. A gidana, a kan tabarmata. Ta dube ni tana jira, na ce amin. Na ci kuwa, har na miƙa kwano aka ƙara mini, don yunwa ba ruwanta da fushina.

Ina cikin ci ƙaramar 'yata ta matso ta dafa gwiwata, da shinkafa a kumatu.

Ta ce, "Baba, kai me ya sa ba su ɗauke ka ba? Ba ka iya ba ne?"

Na ce mata ta ci abincinta kada ya huce.